Teburin Mai Caji

Ni fa ban iya gina manhaja ba, kada wani ya ɗora mini rawanin da ba nawa ba. Malamar kwamfuta ce ni a wata makarantar 'yan mata a Kazaure, iyakata koyar da buga rubutu. Amma akwai wani maɓalli a manhajar aika saƙon da nake amfani da ita, duk sanda na gan shi sai na ji kamar in yi guɗa.

Ƙanwata tana aure a wani ƙauye a yankin Roni. Sau uku tana ɓari, kuma kowane karo labarin cikin ya riga ya zaga gari, sai a cika mata ɗaki da jaje da kallon tausayi. Da ta sami na huɗu, ni da mijinta kaɗai ta gaya wa.

"Yaya, don Allah ko Inna kada ta ji, sai ya yi ƙwari."

Na sa mata wannan manhaja, ina ta cika baki cewa ba mai iya tare saƙonmu a hanya. Ba ta kamfani ba ce, 'yan sa-kai ne daga ƙasashe daban-daban suke gina ta a fili, kowa na iya leƙa aikinsu ya sa baki.

Kwana tara sai ga kiranta. Ƙauyensu ba wuta, wurin mai caji a kasuwa ake kai waya, shi kuma yakan kunna ta ya ga ko ta cika. Da aka kawo mata, ga saƙona ɓaro-ɓaro a fuskar wayar: "Kin je awo?" Allah ya rufa asiri, ranar kasuwa ce, bai kula ba. Kulle wayar kuwa ba zai yiwu ba, surukarta ma da ita take kira.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na shiga dandalin masu ginin, na zazzage musu da Turancina na aji. Na ce kun toshe hanya kun bar ƙofar gida a buɗe!

Kafin la'asar wata mata ta amsa daga wata ƙasa mai nisa. Ba ta ji haushi ba, tambaya ta yi: mene ne wurin caji? Ashe su a zatonsu kowa da wayarsa shi kaɗai, kuma a gefen gadonsa yake cajinta! Na tari Keke Napep har kasuwa, na ɗauko hoton teburin wani mai caji, wayoyi jere kamar tumatir a faifai, na tura musu.

Kai, zo ka ga yadda dandalin ya ɗauka! Wannan ya kawo shawara, wancan ya rushe, wani ya zana yadda abin zai kasance. Suna ta jefo mini tambayoyi, wai ni ce masaniya. Ni! Ina cikin aji ina satar duba waya kamar ɗaliba mara ji.

Bayan mako uku suka turo ta gwaji, da sabon maɓalli a ciki. In ka taɓa maɓallin, saƙo ba ya fitowa a fuska, manhajar kuma ba ta buɗuwa sai da lambar sirrinta, alhali kowa na iya kira da wayar. Na hau acaɓa zuwa ƙauyen na sa mata da hannuna. Muka ba surukarta wayar ta yi kira, na aika saƙo daga tsakar gida. Shiru! Muka shige ɗaki muna dariya muna toshe baki.

A wata na shida ƙanwata ta zo Kazaure cikin zumbulelen hijabi. Ta durƙusa gaban Inna, ta kamo hannunta ta ɗora a kan cikin. Inna ta daɗe a haka, hawaye na zuba. Can ta ɗago ta harare ni.

"Ke kin sani?"

"Na sani, Inna."

"Ja'ira," ta ce, ba ta ɗauke hannun ba. "Allah ya yi miki albarka da kika yi shiru."