Hajiya Mai Kilo Goma Sha Huɗu

Shekara goma sha ɗaya na yi ina riƙe da ɗakin kati na wani ƙaramin asibitin kuɗi a Tarauni kafin in taɓa rubuta wa kwamfuta layi ɗaya. Aikina in ciro katin mara lafiya in miƙa wa nas, in an gama in mayar. Katunan suka cika kanta huɗu, suka gangaro cikin kwalaye. Ranar da likitan da ke da asibitin ya fara zancen ɗauko masu zuba komai a kwamfuta, sai na ji bakina ya ce zan koya in yi da kaina. Ina ga tsoro ne ya sa na yi maganar, kada a wayi gari a ce ba a bukatar mai ciro kati.

Wurin koyon yana Gyaɗi-Gyaɗi, a saman wani shagon gyaran firij. In na tashi aiki ƙarfe biyu sai in hau adaidaita in je, in zauna har bayan la'asar. Malamin Kirista ne, iyayensa mutanen kudu, amma haihuwar Kano ne, Hausarsa tsaf. Yana ce mini Hajiya, ko da yake ban je Makka ba, ni kuma ina ce masa Malam.

Yaren kwamfuta da ake kira Java ya koya mana. Ya ce kafin mutum ya taɓa madannai sai ya fara sanin abubuwan da ke wurin aikinsa. Kowane irin abu a yi masa kilas, wato kamar ƙarfen buga bulo: ƙarfe ɗaya, bulo dubu. Mara lafiya kilas ne, duk wanda ya shigo ƙofa kuma bulo guda ne daga cikinsa, da sunansa da shekarunsa da nauyinsa, a adana shi a rumbun bayanai, layi guda a jadawalin da ake kira tebur. A kunne abin da sauƙi. A hannu kuwa, waƙafi mai ruwa ɗaya in na manta sai allo ya cika da jan rubutu. Sati biyu cur na yi manhajata ta ƙi magana da rumbun, ashe harafi ɗaya na rubuta babba a inda ake son ƙarami. A watannin nan na fara sa tabarau. Ina komawa gida in ɗora tukunya, wuyana a sage, yara na yi mini magana ina amsa abin da ba shi suka tambaya ba.

Da muka zo tsara teburin, Malam ya ce dole kowane layi ya sami wata shaida da ba wanda zai yi tarayya da shi a kanta. Na zaɓi lambar waya. Ya tambaye ni ko na tabbata, na ce ai ba a ba mutum biyu layin waya ɗaya. Na kuma rubuta cewa in lambar tana ciki tun da, manhaja ta sabunta bayanin kawai. Na gaji, ina son in gama.

Bayan wata takwas muka fara amfani da ita. A sati na uku, wata safiya, nas ɗinmu ta leƙo ɗakin kati ta ce, "Anti, zo ki ga wani abu."

Wata dattijuwar Hajiya ce daga Darmanawa zaune a kan benci, mai hawan jini, ta daɗe tana zuwa wurinmu. A allo kuwa an rubuta shekara uku, nauyi kilo goma sha huɗu, tari da zazzaɓi. Jiya ɗanta ya kawo 'yarsa, ya ba da lambarsa, wadda ita ce dai ya bayar ranar da ya kawo mahaifiyarsa. Manhajar ta yi daidai abin da na umarce ta, ta goge kakar ta ɗora jikar. Magungunan da kakar take sha, awon jininta, duk sun tafi.

Na durƙusa gaban kwalaye ina tonon tsohon katinta. Na fi rabin awa. Da na fito da shi, ta dube ni ta ce, "Sannu 'yar nan. Ni dai a ba ni maganina in tafi, ƙafafuna sun yi tsami."

Likita bai yi faɗa ba. Ya ce a koma kati har sai an gyara, wannan ya fi mini faɗa ciwo. Da na bincika, ba ita kaɗai ba ce. Gidaje da yawa waya ɗaya ce tsakanin miji da mata da tsohuwa da yara. Na san haka sarai, kullum a gabana ake karanto lambar, amma da na zauna gaban kwamfuta sai sanin ya gudu.

Malam ya saurare ni har na gama, sannan ya ɗauki alli ya zana akwati uku: gida, mutum, zuwa asibiti. Waya ta gida ce, mutum kuma manhaja ta ba shi lambarsa ta kansa, kowane zuwa a buɗe masa sabon layi, kada a sake goge komai. Na tambaye shi nawa zan tsira da shi daga abin da na rubuta. Ya ce kaɗan.

Wata huɗu na ƙara ina hawa benen nan. Yanzu manhajar tana aiki, ba mai zancenta, sai in an ɗauke wuta. Kwanaki likita ya tsaya a ƙofata ya ce tunda abin ya zauna, ko zan haɗa da ɗakin magani da na gwaji. Na ce masa in sha Allahu. Da ya wuce na cire tabarau na ajiye, na daɗe ina murza idona.