Idon da Aka Dasa Mini

Ƙyanda ce ta cinye mini idon dama tun ina goye, a ƙauyenmu da ke ƙasar Katsina. Na hagu ya tsira, amma da ɗigon hakiya a gefe. Da shi na girma, da shi na yi aure, da shi na biyo maigidana Gombe a shekarun da jirgin ƙasa ya fara shigowa garin.

Bayan na haifi 'yan biyu, ciwon ido ya kama ni. Ya yi ja, ya yi ta ruwa, da ya lafa sai hakiyar ta bazu ta rufe tsakiyar baƙin. Ina bambance haske da duhu, ina gane mutum ya tsaya a bakin ƙofa, amma sai ya yi magana nake sanin ko wane ne. Na koyi gidana da ƙafa da hannu. Ina tuƙa tuwo, ina wanki, 'yan biyuna kuwa da ƙeya nake rarrabe su, don ta ɗaya ta fi faɗi. Na riga na sa wa raina haka zan ƙare.

Lokacin mun koma unguwar Arawa, gidaje tsilla-tsilla, gonaki a tsakani. Kuɗin mai sun shigo ƙasa, duk ma'aikacin da ya karɓi albashi sai ya sayi babur, shi ya sa maigidana ya bar tireda ya koma sayar da kayan babur, yana ɗan taɓa gyara. Bayan katangarmu akwai wasu Kiristoci 'yan ƙasar Tangale. Mijin malamin firamare ne, matar ma'aikaciyar jinya ce a asibiti, kowa Sista yake ce mata. Muryarta kamar ta mai tallan nono a kasuwa, in ta yi dariya a gidanta sai kajina su watse. Hausarta kuma ba ta damu da namiji ko mace ba, ni ma "kai" take ce mini in ta yi sauri.

Wata rana ta shigo aron turmi ta same ni ina laluben tsintsiya, alhali tana gabana. Ta ajiye zancen turmi, ta koma gida ta ɗauko tocila, ta zaunar da ni ta haska idon.

"Maman 'yan biyu, kina ganin wutar?"

"Ina gani."

"Daga wane gefe?"

Na nuna. Ta sauya, na sake nunawa.

"To cikin idon nan lafiyarsa ƙalau. Ƙofar ce kawai ta toshe." Ta bayyana mini cewa akwai wani siririn tantani mai haske a saman baƙin ido, shi ne hakiya ta ɓata. Ta ce akwai wani asibitin ido a Kano da wani baƙon likita kan zo lokaci-lokaci, yana yanke wanda ya lalace ya ɗinka lafiyayye.

"Lafiyayyen daga ina?"

Ta ce, "Daga mutumin da ya rasu. Akwai ƙasashen da mutane kan yi wasiyya a cire nasu a ba mabukata."

Na ce mata ta ɗauki turmin.

Da na gaya wa maigida, washegari sai ya tafi wurin malaminsu. Malamin ya ce in dai mai abin ya bayar da yardarsa tun yana raye, kuma kyauta ya yi ba ciniki ba, shi bai ga haramci ba a ceton ganin mai rai. Wadda ta ƙi sam ita ce Inna, mahaifiyar maigida, da ke zaune tare da mu.

"Idon gawa? A fuskar uwar jikokina? In ta buɗe ta riƙa ganin abin da matattu ke gani fa?"

Maigida ya ce, "Inna, ba ido ne sukutum ba, 'yar fata ce kamar ɓawon albasa."

"Ko ɓawon gyaɗa ne. Da shi za a tashi mamacin ranar alƙiyama, a wurin wa zai nema?"

An kwashe watanni ana wannan. Abin da ya karya Inna, rannan ɗaya daga cikin 'yan biyun ya rarrafa har bakin murhu ina zaune kusa ban gani ba, ita ta fizge shi. Da yamma ta kira ɗanta ta ce a kai ni. Ta kuma ce ba wanda zai yi jinyata sai ita.

Muka bar yaran a hannun ƙanwar maigida, muka sauka Kano gidan wani ɗan'uwansu. Aka duba ni, aka ce in jira, don abin a jirgin sama yake zuwa cikin ƙanƙara, kuma ba ya jimirin ajiya. Mun daɗe muna jira har Inna ta fara cewa a koma. Sai wata safiya aka aiko mu zo maza, kada in ci komai.

Aikin kansa ban san yadda aka yi ba. Na farka na ji an naɗe mini fuska, an tokare kaina da 'yan buhunan yashi dama da hagu. Aka ce ban da juyi, ban da tari, ban da atishawa in da hali. Kwanaki na yi a rigingine. Inna ce ke ba ni kunu da cokali, ita ke sa mini tasar fitsari, ita ke goge mini jiki. In ta ga hancina na motsi sai ta danne mini leɓen sama da yatsa har atishawar ta koma. Matar da a gida ban taɓa cin abinci a gabanta ba saboda kunya. Sallah ma da ishara nake yi, tana zaune a gefe tana faɗa mini lokaci ya yi.

Ranar da aka kwance bandejin na zaci zan buɗe ido in ga duniya tar. Ban ga komai ba sai haske mai ciwo da hazo, ya ma fi na da muni. Na fashe da kuka. Likitan ya sa aka fassara mini cewa kumburi ne da zaren ɗinki, abin a hankali yake washewa, kuma in daina kuka don kada in ɓata masa aiki. Inna ta ce, "Kin ji ko. Ɗinkin mutane ne a idonki, ki yi masa ladabi."

Muka dawo Gombe da kwalaben magani da dokoki. Ban da hayaƙi, ban da daka, ban da sunkuyo, ban da ɗaukar yaro, ban da kwalli, ban da murza ido ko da yana ƙaiƙayi. Wato dai an hana ni duk abin da na sani na zama matar gida. Wannan ya fi ciwon damuna. Ina zaune a ɗaki ina jin 'yan biyu na kukan in ɗauke su, ina jin Inna da tsufanta tana fama da itace.

Sista ba ta tambayi kowa ba, ta fara miƙo kwano ta kan katanga. Ta san damuwar Inna, don haka naman a wurin mahaucin unguwarmu take saye, ta kuma tabbatar Inna ta ji ta faɗa da ƙarfi. Mijinta ma in ya taso makaranta yakan kwashi yaran ya zaga da su a kan kekensa don in samu barci.

Ɗiga magani shi ne babban aiki, sau da yawa a yini. Hannun Inna na rawa, Sista na wurin aiki, saura maigida. Sista ta kama hannunsa ta duba, baƙin mai har ƙarƙashin farce.

"Malam, da wannan hannun za ka taɓa mini ido? Allah ya kiyaye."

Ta sa ya yanke farce, ta ba shi sabulu da buroshi, ta tsaya a kansa yana gogewa kamar ɗan makaranta. Daga ranar, sai ya rufe shago ya hau babur ya dawo gida, ya wanke hannu, ya ɗiga, ya koma. Mutum ne marar yawan magana. Yakan ɗaga haɓata da yatsa biyu ya ce, "Dubi sama," in ji numfashinsa ya tsaya har ɗigon ya faɗa. Abokan kasuwa suka riƙa tsokanarsa da likita. Tun aurenmu ban taɓa sanin hannunsa na da taushi haka ba.

Ganin bai zo rana ɗaya ba. Na fara gane bakin ƙofa yana da kusurwa. Sai zanen tabarma. Wata safiya Inna na tsintar shinkafa kusa da ni, na miƙa hannu na ɗauke wani ɗan dutse daga faifan. Ta dube ni, na dube ta, sai ta turo mini faifan gabana.

Bayan an cire zaren aka ba ni tabarau, abubuwa suka fito sosai. Na ga 'yan biyuna ba su ma yi kama ba. Na ga furfura a gemun maigida wadda ba wanda ya ba ni labarinta. Na ga atamfar da na fi so, wadda nake sawa zuwa suna, ashe ta koɗe tuntuni. Sista kuwa, da nake zaton wata ƙatuwa ce, sai ga 'yar mitsitsiyar mace da ko kafaɗata ba ta kai ba. Na yi ta dariya har ta ji haushi.

"Kai, ka samu ido ka fara raina mutane!"

Ana cikin haka, wajen shekara da aikin, na tashi da safe idon ya yi ja, haske na soka ta, hazo ya dawo. An riga an gargaɗe mu, don haka na aika a kira Sista kafin ta fita. Ta haska, muryarta ta sauka. Ta ce a tafi Kano yau, ba gobe ba.

Inna ta zauna a bakin gado ta ce a hankali, "Ko mai shi ne yake son abinsa?"

Sista ta ce, "A'a, Inna. Jikinta ne ya farga akwai baƙo a gidan, yana son korarsa. Za a ba shi haƙuri."

Tafiyar nan ba na son tuna ta. Na rufe fuska da mayafi a cikin mota, maigida na riƙe da jakar magani, ina ta tunanin komawa lalube bayan na ga fuskokin 'ya'yana. Duhun farko ban san abin da na rasa ba, wannan kuwa na sani. A asibiti aka yi mini allura a gefen idon, aka ƙara yawan ɗigon, aka haɗa da ƙwayoyin da suka kumbura mini fuska. A hankali jan ya janye. Ganin bai koma daidai yadda yake ba, amma ya dawo.

A wannan zaman ne na tambayi wata ma'aikaciya ko an san mai idon. Ta ce ba a faɗa, ita dai ta san daga wata ƙasa mai nisa ake kawowa, can gabas, bayan teku. Namiji ne ko mace, yaro ko tsoho, mai sallah ko ba mai sallah ba, ba wanda zai gaya mini. Abin ya tsaya mini a rai. Mutum ya yi maka alheri irin wannan, ba ka da ko sunan da za ka ambata.

Da muka dawo na faɗa wa Inna. Ta ce ita tun muna Kano karon farko take sa shi a addu'a.

"Me kike cewa, Inna?"

"Ina cewa, Allah ka san shi, ni ban san shi ba. Ka saka masa, ka ba iyalinsa haƙuri."

Na ɗauki kalmominta yadda suke. Ranar Juma'a kuma nakan soya waina in raba wa yaran unguwa, har da na gidan Sista, da niyyar Allah ya kai ladan inda ya ga dama. Sista ta ce su ma a cocinsu ta sa an yi masa addu'a. Inna ta ce to madalla, ta kowace hanya dai ya samu.

Na taɓa tambayar likita ko in na mutu za a iya cire abin da aka dasa mini a ba wani. Ya yi murmushi ya ce wannan ya riga ya yi aikinsa, a bar shi ya huta tare da ni. Da na ba maigida labari ya ce in ana karɓa a nan, shi nasa biyu ne lafiyayyu. Ba a kai ga karɓa ba har Allah ya yi masa rasuwa.

Da idon na yi jinyar Inna a ciwonta na ƙarshe. Da shi na shiga makarantar yaƙi da jahilci ina uwar 'ya'ya, mijin Sista na duba mini aikin gida da jan biro. Da suka yi ritaya suka koma garinsu na je na ga gidan da suka gina a gindin dutse, na kwana biyu.

Yanzu ya dushe, tsufa ya kama mu tare. Har yau ban murza shi, har yau ban zama kusa da hayaƙi. Jikokina sun ji labarin, sukan zo su ce in cire tabarau. Sai in juya wajen haske in buɗe musu. In an lura sosai akwai wani siririn zobe fari-fari kewaye da tsakiyar baƙin, inda ɗinkin ya bi. Su yi ta leƙe ɗaya bayan ɗaya, suna tambayata ko da zafi, ina ce musu babu.