Ƙullin Inna Uwani

Shekara talatin ke nan, kowace safiya Inna Uwani ke riga 'yan dako isa siton garin rogo na wani kamfani da ke Itapagipe, wata unguwa a birnin Salvador. Ta gyara ɗaurin zane, ta cusa hannu cikin buhu, ta damƙo gari daga can ƙasa, ta watsa a baki ta tauna. In ya yi mata, sai ta ɗaure bakin buhun da jan zare, irin ƙullin da ta koya a Katsina tun kafin a kamo ta a ƙetaro da ita teku a matsayin baiwa. Ba ta san baƙi ba, balle rubutun Nasara, ƙullin nan shi ne sa hannunta. Masu jirage da gidajen jinya ba sa karɓar buhun da ba shi da shi. Yashin da 'yan algus ke zubawa ne ya cinye mata haƙora, kamfanin kuwa ko sannu.

A shekarar annobar amai da gudawa, lokacin da ake kwasar gawa a amalanke a titunan Salvador, kamfanin ya samu kwangilar ciyar da majinyata. Sai ga buhu ɗari uku da ruwa ya taɓa, sun yi funfuna, an barbaɗe su da farar ƙasa don su yi haske. Zubairu ɗan dako yana wurin, kuma har gobe yana ba da labarin. Inna ta tauna, ta tofar.

Wakilin kamfanin ya ja ta gefe. Ita ta daɗe da fansar kanta, amma 'yarta Kande baiwa ce a gidan mutumin nan.

Ya ce, "Uwani, ƙulli ne fa kawai. Ki ɗaura, gobe Kande ta kwana a ɗakinki da takardar 'yancinta. In kin ƙi, akwai jirgin da zai tafi kudu ranar Asabar."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan garin ko akuya ba zan ba ta ba."

"Masu cin, ai dama mutuwa za su yi."

"To, ba da hannuna ba."

Da ƙafarta ta je ta samu Kande a bakin rijiya, ta gaya mata komai. Kande ta fashe da kuka ta ce, "Inna, mutanen da ba ki sani ba sun fi ni ke nan?" Inna dai ba ta ɗaura ƙullin ba. Gidajen jinya suka ƙi buhunan. Ranar Asabar aka sa Kande a jirgi zuwa gonakin kofi.

Kun san abin da aka yi wa wakilin? Ƙarin girma! Masu kamfanin suka rantse ba su da labari, alhali a ƙofar ofishinsu aka sauke farar ƙasar. Sun bar Inna a bakin aiki ba don kunya ba, sai don garinsu ba ya sayuwa in babu ƙullinta. Yanzu da baki ya zama sai dasashi, sun sallame ta da turmin yadi guda. Tir da wannan rashin ta-ido!

Ke ce, Inna, mai ƙullin da ba ya ƙarya. Akwai waɗanda suka tashi daga jinyar nan, yau suna goyon jikoki, ba su ko san sunanki ba. A madadinsu muna cewa mun gode, Allah Ya saka miki.

Ku kuma masu awo da masu buga hatimi, da kan sayar da amana a kan kwalbar giya, ku dubi abin da aka ɗora wa tsohuwar nan a sikeli, ku ji kunya, ku gyara. Duk kuma wanda hanya ta kai shi kudu, don Allah ya cigita Kande 'yar Uwani. Shekara ashirin ba labarinta. Ya ce mata uwarta tana raye, kuma ba ta taɓa cewa wani ya fi ta ba.