Kwana Uku Kafin a Kai Shi Likita

Sana'ata albasa ce. Na fara da buhu biyu a bayan keke daga Garou, yau manyan motoci nake lodawa zuwa kudu. In na taɓa buhu na ji ɗumi, a ranar nake rabuwa da shi. Na faɗi haka ne don a san ni ba mai jan ƙafa ba ne.

Shekarar da ɗiyata ke aji uku a kwalej, malaminsu, wanda suke ce wa mushe, ya raba musu bincike a kan cututtuka masu yaɗuwa. Wasu aka ba su kwalara, wasu ƙyanda. Ita sanƙarau ya faɗo mata. Sati biyu tana yawo da littafinta, ta je likita, wato asibiti, ta zauna jiran wata ma'aikaciya, ta dawo ta ƙwace wayata. Ban kula ba, na ɗauka hidimar yara ce.

Wata Lahadi da hantsi ta same ni a rumfa ina tsince ruɓaɓɓu.

"Baba, saurara in karanta maka. Jibi a gaban aji zan tsaya."

"Da Faransanci? Karanta wa buhunan nan, sun fi ni ji."

"Zan juya maka da Hausa. Kai dai bar albasar nan."

Ban bari ba. Ta fara: zazzaɓi, ciwon kai, wuya ya ƙage, yaro ya ƙi haske. Ya fi zuwa lokacin zafi. Sai ta ce yana iya kashewa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma in an kai mutum da wuri, allura na ceton da yawa. Nan hannuna ya tsaya.

"Saura abu guda," in ji ta. "Mushe ya ce kowa ya kawo bayanin wanda ya ga ciwon da idonsa. Na tambayi Inna, ta ce in zo wurinka, ta shige ɗaki."

Ta san tana da wa da ya rasu kafin a haife ta. Iyakar abin da ta sani ke nan. Na ja mata buhu ta zauna, na ba ta labarin yadda yake.

Shi ne ɗanmu na fari. Da aka yaye shi aka kai shi Garou wurin tsohuwata, yadda aka saba. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa gaban mutane, ba ya nuna ya damu da shi. Yana shekara biyar, wata ranar kasuwa, mai moto, wato babur, ya zo da saƙo: yaron ba ya jin daɗi, yana kukan wuya. Ina tsaye tsakanin kawuna da manyan dillalai. Na ce, "Yaron tsohuwa ne, ita ta sani." Kawu ya dafa kafaɗata ya ce, "Ga ɗa mai kunya." Na sayi ƙwayar zazzaɓi na ba mai moto, na koma ciniki.

Ashe tsohuwa jira take in zo in ce a kai shi, don ba ta so a ce riƙo ya gagare ta. Uwarsa kuma kunyar da ta ɗaure ni ita ta ɗaure ta. Rana ta uku na tafi, wai duba gona. Na same shi kwance, kansa ya lanƙwashe baya. Na goya shi da rawani a kan moto har cikin gari. Ma'aikatan likita sun yi iyakar yinsu. Bai kai la'asar ba.

Tun ina tsakiya ta daina rubutu.

"Ba rashin kuɗi ba ne, Baba?"

"A'a."

"Ba hanya ba?"

"Hanya lafiya lau."

"To in rubuta mene ne?"

"Rubuta kunya. Abin da ya faru ke nan."

Ta rubuta. Sai ni na tambaye ta, abin da ban taɓa tambayar kowa ba.

"Duba mini cikin takardun nan naki. Da ranar farko na ɗauko shi, da ya tashi?"

Ta buɗe wannan shafi, ta koma wancan, ta sake dawowa.

"Da yawa kawai suka ce, Baba. Ba su ce duka ba."

"Koma wurin ma'aikaciyar nan ta likita ki tambaye ta."

Washegari ta je bayan an tashi daga karatu. Na bar rumfa hannun maƙwabci, na tsaya bakin titi ina jiranta. Ta dawo ta ce matar ta ce ba wanda zai iya sani. Na sa ta maimaita mini maganar matar ɗaya bayan ɗaya, ko akwai abin da ta manta. Babu.