Kwatangwalon Namadi Mai Ɗori

Shekara talatin da ɗoriya Namadi ya yi yana ɗori a Kebbe. Yaron da ya faɗo daga mangwaro, ɗan kabu-kabun da ramin hanya ya yar, makiyayin da sa ya taka, duk zaurensa ake kai su. Ya iya aikinsa, kuma bai taɓa barin kowa ya manta ba. Yana ɗaure karaya yana wa'azi a kan asibiti: wai can mahauta ne da fararen riguna.

Sai ga nasa kwatangwalon na dama ya fara ciwo. Namadi ya ce sanyi ne. Ya shafa man da yake shafa wa mutane, ya sha jiƙon da yake ba su, ciwon bai san da zancen ba. Da ya fara ɗingishi ya sayi sanda, ya ce ta dattako ce. Da ya koma salla a kan kujera kuwa, bayani ya ƙare masa.

'Yarsa Raihanatu ma'aikaciyar jinya ce a Tambuwal. Ita ta sa shi a mota zuwa Sakkwato, yana ta jaddada mata cewa rakiya kawai ya yi mata.

Likita ya ɗaga hoton ƙashin. "Baba, guringuntsin mahaɗar ya cinye, ƙashi ke gugar ƙashi. Ko a yi aiki a sa maka na ƙarfe, ko ka fara da motsa jiki mu gani."

"Ni za a sa ma ƙarfe? Keke nike?"

Ya zaɓi motsa jiki, domin shi ana iya yin sa a ɓoye. Kullum da hantsi sai ya rufe ɗaki, ya kwanta a tabarma, ya ɗaga ƙafa ya sauke sau goma, kamar yadda takardar asibiti ta nuna. Mai ɗorin Kebbe guda yana harbin iska bisa umarnin mahauta. Gaskiya ya ɗan samu sauƙi, har ya koma takawa zuwa kasuwa. Amma bayan wata shida, takalmi ma sai an sa masa.

Wata ranar Laraba aka kawo yarinya da karayar hannu. Namadi ya zo durƙusawa gabanta, ƙafar ta ƙi. Ya tsaya riƙe da bango, yarinyar na kuka, uwarta na kallonsa. Da ƙyar aka ɗora ta a benci ya yi ɗorin a tsaye. Suna fita ya kira Raihanatu.

"Ki gaya ma mahaucin naki nika zuwa."

"Likita dai, Baba."

"Na ji. Amma kowa yat tambaya, ziyara nit tafi."

Ziyarar ta ɗauki wata biyu, yawancinta a gidan Raihanatu. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne washegarin aikin aka tashe shi tsaye, aka kuma miƙo masa sabuwar takardar ɗaga ƙafa. Ashe ƙarfen ma sai da motsa jiki.

Ya koma Kebbe yana tafiya garau. Gari ya ɗauka cewa Namadi ya haɗa wani sabon magani ya warkar da kansa, shi kuwa bai ga dalilin katse wa jama'a magana ba. Mako uku yana amsa barka.

Sannan aka kawo Atu, tsohon makiyayi, a bayan babur. Sai da mutum biyu suka sauke shi.

"Irin wanda kas sha za ka ba ni," in ji Atu.

Namadi ya taɓa kwatangwalon Atu, ya juya ƙafar a hankali, ya ji yadda take gurzawa. Sai ya sallami 'yan rakiya, ya ja ƙyauren zaure, ya ɗage gefen rigarsa ya nuna masa tabon ɗinki.

Atu ya kalli tabon, ya kalli Namadi.

"Da wuƙa?"

"Da wuƙa. Gobe ɗiyata na jiranka Tambuwal."