Firintar Ɗakin Surukina

Ina tsakar wanke shinkafa na ji sallamar Baba, mahaifin maigidana, a ƙofar sashenmu, hannunsa cike da takardu.

Lokacin ina amarya daga Argungu, ina koyarwa a Birnin Kebbi. Firinta ɗaya ce a gidan, tana ɗakin Baba, jone da tsohuwar kwamfutarsa mai Windows. Tawa kwamfutar kuwa wata manhaja daban ce a kanta, Linux. Da ƙyar maigidana ya haɗa su, ya ce amma aikina ba zai fito ba sai ta Baba tana kunne.

To ni da ko sunansa ba na faɗa, ina zan iya cewa ya kunna min? Sai in tura tambayoyin jarabawa, in ji shiru, in sake turawa, ƙarshe in hau kabu-kabu zuwa cikin gari a buga min.

Ashe duk abin da na yi ta turawa suna nan a layi suna jira. Ranar da Baba ya kunna, firinta ta yi ta fito da su har takarda ta ƙare. Su ne ya kwaso ya kawo min.

Na durƙusa na ce, "Baba, a yi haƙuri, na ƙarar da takarda."

Ya ce, "Ɗiyata, injin nan bai san ki ba, amma ya ji buƙatarki. Ni mi za ya hana in ji?"

Tun ranar, da ya dawo daga masallacin asuba zai kunna kwamfutar, ko ba shi da abin bugawa. Har ya rasu bai bari na roƙa ba.

Allah Ya jiƙan Baba. Ku fa, wa ya taɓa biya muku buƙatar da kunya ta hana ku faɗa?