Haɗin Hagu na Nazzarena

Nazzarena Toccaceli ba ta taɓa kaɗa jita ba, ba ta kuma taɓa sha'awar koya ba. Aikinta shi ne sa musu riga. Daga shekarar 1961 zuwa 1969, a bene na biyu na masana'antar Pierdominici, ta lulluɓe jitocin lantarki da a ƙiyasinta sun haura dubu huɗu, ko ɗaya ba ta ajiye wa kanta ba.

Asali akodiyon ake ƙerawa a wurin, abin kiɗan nan da ake ja ana matsewa kamar zugazugi, kamar yadda ake yi a kusan kowane lungu na garuruwan tudun nan na kudancin Ancona. Da samari suka juya wa akodiyon baya suka koma jita, sai tsoho Pierdominici ya ce ai katako katako ne. Ya duba abin da ke jibge a sito, fallayen roba mai ƙyalƙyali da buhunan maɓallai, ya ce a yi jita da su. Haka aka samu Libellula, wato mazari: jita siririya mai sheƙi kamar ɓawon kifi, da maɓallai shida a jere waɗanda ake dannawa muryarta ta sauya.

Tana da shekara goma sha shida aka ɗauke ta. Ana jiƙa fallen robar a ruwan asiton, irin wanda mata ke goge farce da shi, har ta yi laushi kamar jiƙaƙƙiyar fata. Sai a ɗauko ta da sauri a shimfiɗa a jikin katakon, a ja, a murza da tafin hannu kada iska ta maƙale. A gindin jitar, inda falle biyu suke haɗuwa, a ɗora bakin ɗaya a kan na ɗayan, a yanke da aska a karkace. Wannan yankan shi ne gwanintar. Wadda ta yi jinkiri robar ta sandare mata, wadda ta yi garaje ta yage.

Ita bahaguwa ce. A makaranta sistocin coci sun ɗaure mata hannun hagu a jikin kujera shekara biyu, har ta koyi rubutu da cin abinci da dama. Aska ce kawai ta ƙi zama a hannun. Ranar da shugaban ma'aikata ya kama ta tana yanka da hagu, ya tsaya a kanta ya ƙirga: sauran 'yan matan sun gama uku-uku, ita tana kan ta biyar. Ya ce, "Ni ban ga komai ba," ya wuce. Sai dai ya mayar da teburinta can ƙarshe, bakin taga, inda baƙi ba sa isa.

Da aka rufe sashen jita ta koma ɗinkin takalma, ta auri Quinto magini, ta haifi 'ya'ya uku, ta binne Quinto. Jitocin sun watse duniya, ita ma ta manta da su. Abin da ya rage mata shi ne 'yan yatsu da ba sa jin zafin tukunya, da hanci da ba ya jin ƙanshin furanni.

Wanda bai bari ta manta gaba ɗaya ba shi ne Gualtiero, ɗan wan mijinta, direban bas mai ritaya. Libellula goma sha ɗaya gare shi, ya jera su a ɗakin da matarsa ta so a yi wa baƙi. Duk ranar Alhamis yakan zo ya kai ta kasuwa, kuma duk ranar Alhamis sai sun yi.

"Kai, uban 'yan tara tarkace, wai me ke cikin abubuwan nan? Mu da muka yi su, a kansu muke cin burodin rana."

"Goggo, ba za ki gane ba."

"To fahimtar da ni, ni jaka."

"Jitar Amurka, duk wanda ya kaɗa, muryar mai arziki take yi. Wannan kuwa sai ta yi maka gardama. Wuyanta kauri, maɓallinta na uku sai ka lallashe shi. Amma idan ta yarda da kai, sai ki ji wata 'yar siririyar murya mai cizo, kamar ana kiran mutum daga ƙetaren kwari. Kuma babu biyu da suke magana iri ɗaya."

"Saboda mai naɗa wayar cikinsu ba ya ƙirga daidai in ya sha, shi ya sa."

"To ai shi ne daɗin! Babana da irinta ya kaɗa a bikin aure ɗari biyu. Duk wanda ya yi rawa a garin nan lokacin da nake yaro, a gaban Libellula ya yi. Ni in na buɗe akwatinta, warin nan kawai..."

"Warin da ya kashe mini hanci."

"Shi fa."

Wata Alhamis a watan Satumba na 2018 ya zo bai yi wasa ba. Ya ajiye wani littafi mai kauri a kan teburin kicin, kusa da zaitun da take cusa wa nama. Wani likitan haƙori ne daga Bologna, Ravaioli, ya rubuta shi. Shekara talatin yana bin diddigin Libellula, kuma masu tara ta daga Jamus har Japan da maganarsa suke rantsuwa. Gualtiero ya karanta mata shafi na tamanin da takwas. Likita ya ce ya auna jita ɗari shida. A mafi yawansu haɗin gindi ya kwanta ta dama, haka masana'anta take yi. Amma akwai kamar kashi ɗaya cikin biyar da haɗinsu ya kwanta ta hagu. Waɗannan, in ji shi, jabu ne, wasu marasa tsoron Allah ne suka yi su daga baya da ragowar kaya. Ya ƙara da cewa abin takaici, aikin ɓarayin ya fi na asali tsafta.

Nazzarena ta ajiye cokali.

"Sake karanta mini na ƙarshen."

Ya sake.

"Huɗu daga cikin nawa haka suke," in ji Gualtiero. "Har da koriyar, ta babana. Ranar Lahadi za a baje su a taron shekara na masu tara jita, kuma kwamiti ya ce dole a sa musu kati a rubuta jabu, in ba haka ba kada in kawo. Ni dai na ce bari in haƙura in bar su a gida."

"Kawo min koriyar."

Ya ɗauko ta daga mota. Ta kifa ta a cinya, ta bi gindin da babban yatsa, sau ɗaya.

"Wannan ni ce. Za ka kai su, su sa katin. Ƙarfe goma ka zo ka ɗauke ni a ƙofar coci."

A tsohuwar rumfar kasuwar hatsi ake taron. Tebura sun kai arba'in, ko'ina ƙyalli: ja, kore, ruwan zinariya, fari mai kama da cikin kwanson teku. Maza ne galibi, masu furfura da tumbi, suna kifa jitoci suna leƙa gindinsu kamar masu sayen akuya. Wani Bajamushe ya durƙusa yana shinshina cikin akwati. A wani lungu mutum uku sun jona tasu a lasifika ɗaya suna gardamar wacce ta fi tsiwa. Ta wuce su da jakarta a hammata da baƙin takalmin coci. A teburin Gualtiero ta ga katunan nan huɗu, an buga su da manyan baƙaƙe. Ba ta taɓa su ba.

Likita Ravaioli yana can gaba yana sa hannu a littafi. Dogo ne, mai tattausar murya, ba shi da alamar mugunta. Ta tsaya a layi har aka zo kanta.

"Da wane suna zan rubuta, Signora?"

"Rubuta: ga ɓarauniya."

Ya ɗago kai.

"Na shafi na tamanin da takwas. Ni ce marasa tsoron Allah ɗin, ni kaɗai. Shekara takwas ina yin jabun a cikin masana'antar, ƙarfe bakwai na safe zuwa biyar, mai gidan yana kallo."

 Ta faɗa masa yadda abin yake, a taƙaice: mu biyar ne, huɗu na dama, ni bahaguwa, aska ta hagu ta hagu take kwantar da haɗi. Ya saurara har ƙarshe, ya cire tabarau.

"Signora, ina girmama shekarunki. Amma kowace shekara sai wani ya zo ya ce mini kakansa ne ya zana Libellula. Ni da shaida nake aiki. A wancan zamanin ba a barin kowa ya riƙe kayan aiki da hagu, ke ma kin sani. Takardun masana'anta sun ƙone. Me zan riƙe?"

"Riƙe haƙoran mutane, ka bar mana abin da ka tarar."

Aka yi dariya, amma ta san dariya ba ta cire kati. Ba ta zo da komai ba. Hannayenta sun kumbura, ko da an kawo mata roba da aska yanzu ba za ta iya nuna musu ba. Tana wannan tunanin ne idonta ya sauka a kan babban hoton da aka rataye a bayansa, wanda aka faɗaɗa daga cikin littafin. Wata yarinya ce da ɗankwali, ta sunkuya a kan jita a bakin taga, aska a hannun dama. A ƙasa an rubuta: ma'aikaciya, ba a san sunanta ba.

Ta daɗe tana kallo. Ita ce. Ɗankwalin na yayarta ne, ta are shi don an ce mai hoto zai zo.

"Likita, wa ya ba ka hoton nan?"

"Jikar Pierdominici. Kin ga ai, ga yadda ake yi, da hannun dama."

"Gualtiero! Zo nan, kai da ka yi shekara talatin kana zagaya garin nan da bas. In ka tsaya a tagar Pierdominici kana kallon gari, ina hasumiyar coci take, ina tankin ruwa?"

"Hasumiya a hagu, tanki a dama."

"To duba."

Ta cikin tagar hoton, hasumiya tana dama, tanki yana hagu. Wani tsoho mai sanda ya matso ya ɗaga kai, ya ce, "Kai, yaushe aka ɗauke mana coci ba a gaya mana ba?" 'Yan garin suka fashe, baƙi suna tambayar me aka ce.

Likita bai yi dariya ba. Wuyansa ya yi ja har kunne. Mutum ne mai gaskiya a irin tasa hanyar, don haka da bakinsa ya faɗa: da aka ba shi hoton ya ga aska a hannun hagu, sai ya ɗauka mai wanke hoton ne ya kifa fim ɗin, kamar yadda ake yawan yi a da. Shi ne ya sa aka juya shi kafin a buga.

"Wato ka gan ni da idonka, ka gyara ni."

"Kuskure ne, Signora. Zan duba asalin in na koma. A bugu na gaba zan sa 'yar ƙaramar sanarwa a ƙasan shafi, cewa akwai yiwuwar wata ma'aikaciya..."

"Babu yiwuwa, babu wata. Bugu na gaba kuma ban san ko ina nan ba, shekarata saba'in da uku. Katunan can yau za a cire, kuma kai za ka cire, don da bakinka aka sa su."

"Wannan ai hurumin kwamiti ne."

"Ga kwamitin can suna cin burodi da naman alade. Kira su."

Ba a kira kowa ba. Ya tashi, ta bi shi a baya har teburin Gualtiero, jama'a suna buɗa musu hanya. Ya tattara katunan huɗu. Daga wasu teburan aka fara miƙo irinsu, aka ƙirga goma sha tara a rumfar. Bajamushen nan ya riga ya kifa tasa yana duba gindi, da ya ga ta dama ce sai fuskarsa ta faɗi. Ya tambaya ta bakin wani ko za ta sa masa hannu duk da haka. Ta shafa haɗin ta ce a'a, wannan ta Iolanda ce, abokiyar aikinta, ya je maƙabartar bayan gari ya nemi izininta.

Likita ya juya ɗaya daga cikin katunan, ya zaro alƙalami.

"Me kike so a rubuta?"

"Abin da ya faru. Masana'antar Pierdominici, bene na biyu. Sai sunana."

Ya rubuta, ya nuna mata. Ta nisanta katin da idonta don ba ta zo da tabarau ba, ta karanta a hankali, ta mayar masa.

"Nazzarena da z biyu ake rubutawa. Ɗauki wani katin, ka sake. Saura goma sha takwas, kuma ni ba sauri nake ba."

Gualtiero ya jawo mata kujera ta zauna.